Abin da Na Sa a Kunun Mama

Naomi, yau shekararki huɗu, ba ki iya karatu ba tukuna, amma za ki iya. Kafin ki iya kuma na san wani zai riga ni gaya miki cewa uwarki ta taɓa yin saɓon Ruhu Mai Tsarki a gaban ikilisiya. A unguwarmu ta Barunde ba a manta magana. Har yau akwai matan da in na zauna kusa da su a coci sai su gyara zama su ja jaka jikinsu, sai ka ce abin mura ne da ake ɗauka. Shi ya sa na sayi wannan littafin rubutu. Kin san ba ni da haƙurin maimaita magana, don haka sau ɗaya zan rubuta, ki karanta, ki yanke naki hukuncin.

Shekarar da abin ya faru ina da ashirin da biyu. Na gama sakandare, jarrabawa ba ta ba ni abin wucewa gaba ba, sai na kama aiki a kemis ɗin Oga Emeka a Bolari. Ina ba da magani, ina awon jini da 'yar na'urar da ake ɗaurawa a damtse, ina faɗa da 'yan keke masu tare mana ƙofar shago. Kakarki Hannatu tana sayar da kayan miya a Kasuwar Gombe. Shekara shida ke nan tana da hawan jini, ƙwaya ɗaya fara kowace safiya, kuma ta tsani ƙwayar nan kamar me. Takan ce an ɗaure ta da igiya kamar akuya. Kakanki Iliya bakanike ne, garejinsa na bayan tasha, kuma dattijo ne a ikilisiyarmu.

Sai ki fara gane wani abu game da gidanmu, in ba haka ba sauran labarin zai zama miki shirme. A gidanmu kowane laifi da bulalarsa. Sata, ƙarya, zagi, a zane ka, ka yi kuka, a yi addu'a, an gama. Laifi ɗaya ne ba shi da bulala. Ina 'yar shekara tara na taɓa kwaikwayon wata mata da takan yi rawar jiki in tana addu'a, ina yi ƙannena suna dariya. Baba ya shigo. Bai ɗaga hannu ba. Ya durƙusa har fuskarsa ta zo daidai da tawa, ya ce kowane zunubi a duniya yana da gafara ban da ɗaya, wato mutum ya zagi aikin Ruhu Mai Tsarki da bakinsa. Ya ce wannan ko an yi kukan jini ba a buɗe ƙofa. Da ya doke ni ranar nan da na manta. Ban manta ba.

A farkon damina ikilisiyarmu ta yi taron falkaswa, wato na farfaɗo da bangaskiya, na kwana uku, aka gayyato wani baƙon mai wa'azi daga nesa. Ba zan rubuta sunansa ba, bai cancanci tawadata ba. Coci ya cika har taga. A rana ta uku ya ce Ruhu ya nuna masa wata mata mai ciwon jini, ta fito. Mama ta fita. Ya ɗora mata hannu, ta faɗi, ta tashi tana kuka, ya sa aka kawo kwando ta juye ƙwayoyinta a ciki. Daga nan ya ɗaga yatsa ya yi gargaɗin da ya jefa mu cikin abin da ya jefa mu. Ya ce wanda Ruhu ya taɓa, in ya koma ga magani, ko ya buɗe baki ya ce bai warke ba, ya mai da Ruhu maƙaryaci, kuma kowa ya san sunan wannan zunubin. Baba Fasto, tsohon fastonmu, yana zaune a bayansa, bai ce komai ba. Ranar Litinin baƙon ya hau mota ya tafi, ya bar mu da maganarsa.

Kwana goma Mama ta yi lafiya, ko ta yi kamar tana lafiya. Daga nan ta fara ɗaure kai da ƙyalle tamau, ta ce rana ce. Idonta ya yi ja, ta ce hayaƙi ne. Na kawo na'urar awo gida, ta janye hannu ta ce awo shakka ne. Wata Laraba maƙwabciyarta a kasuwa ta kira ni a waya, wai jiri ya ɗebi Mama ta zauna a kan kwandon tumatir, jini yana fita a hancinta. Na je na ɗauko ta a keke. Muna shiga gida na kasa riƙe bakina.

"Mama, ki daina wahalar da mu. Ba ki war..."

Ban ƙarasa ba. Ta toshe mini baki da tafin hannunta, hannun da ta wuni tana auna attarugu da shi. Ta danne da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Haɗiye," ta ce. "Haɗiye shi, Rahila. Na fi so in binne ki da in ji kin faɗi wannan."

Leɓena ya kwana yana zugi. Na haɗiye maganar, amma ni ba na iya zama in zuba ido. Washegari na ɗauko katin asibitinta, na cire irin ƙwayarta daga kan kantar shagonmu. Oga Emeka ya kalli katin, ya kalle ni, ya ce shi ma Kirista ne, kuma shi bai ga komai ba.

Ni da ban taɓa son kicin ba, sai ga ni ina tashi da sassafe ina dama kunun tsamiya. In sa ƙwayar tsakanin cokali biyu in murƙushe ta ta zama gari, in zuba a koren kofin Mama mai murfi, in ƙara tsamiya da sukari, in juya. Baba ya ga abin mamaki ya fara tsokana.

"Maman Rahila, ko miji ya fito ne ba a gaya mini ba? Yarinyar da ko ruwan zafi sai ta ƙona?"

"Ka bar ta," in ji Mama. "Ita ma Ruhu ya taɓa ta."

Suka yi dariya, ni ma na yi. Cikin mako ɗaya ƙyallen ya sauka daga kanta, idon ya washe, ta koma ɗaukar kwandonta da kanta. Ƙarshen wata ta tashi a coci ta ba da shaida, ta ce Shaiɗan ya gwada ta a kasuwa amma ta ƙi buɗe masa baki, ga ta yau ba ƙwaya ba allura. Mutane suka tashi suna tafi. Ni ma na tafa, Naomi. Ba zan ɓoye miki ba, har wani daɗi na ji, irin na wadda ta fi kowa wayo a ɗaki. Tsoro yana nan, ba inda ya je. Kowace safiya in cokalin nan ya yi ƙaras sai in ce Ubangiji, in wannan ne zunubin, ka gani dai bakina bai ce komai ba. Na ɗauka na sami hanyar da kowa zai tsira: Mama ta riƙe shaidarta, ni in riƙe cokalina. Wata uku muna haka.

Abin da ban lissafa ba shi ne akwai masu sauraro.

Mama Asabe ita ce shugabar zumuntar mata, ƙawar Mama tun suna 'yan mata a Kaltungo, ita ta yi mini wankan farko da aka haife ni. Tana da ciwon suga, kuma a shagonmu take karɓar maganinta. Wata Laraba da rana ta shigo tana ɗingishi, ta nemi auduga da bandeji. Kafin in miƙa mata ta shanye ruwan leda biyu a tsaye. Fuskarta ta zube, leɓenta ya bushe ya tsage. Na ce ta nuna mini ƙafar. Wani ɗan ciwo ne a ƙarƙashin yatsa, amma gefensa ya fara baƙi.

"Mama, yaushe rabonki da magani?"

"Mako uku, 'yata," ta ce, tana murmushi. "Shaidar mamanki ce ta buɗe mini ido. Na ce Allahn Hannatu ai shi ne nawa. Na durƙusa a ɗakina na karɓa da bangaskiya. Ran Lahadi da za a yi godiyarta, mu huɗu za mu kai ledojin magungunanmu gaban bagade a coci."

"Ku huɗu?"

"Mu huɗu. Wannan ƙafar kuwa gwaji ne, irin jirin da ya kama ta a kasuwa. Ba ga shi ya wuce ba?"

Ta fita, na bi bayanta da kallo har ta hau keke. Oga Emeka bai ɗago daga abin da yake yi ba, ya ce, "Rahila, yanzu kam na gani."

Ga inda na tsaya. In na faɗi gaskiya, Mama za ta daina shan kunun, kuma na ga abin da rashin magani ya yi mata. In na yi shiru, ƙafar nan za ta ci Mama Asabe, ga wasu mata uku a bayanta da ban ma san ciwonsu ba. A kan wannan duka ga maganar da Baba ya dasa mini ina shekara tara. Don in faɗi gaskiyar, dole in buɗe baki in ce abin da dukan ikilisiya ke kira aikin Ruhu ba aikinsa ba ne.

Ranar Alhamis na je gareji. Baba yana ƙarƙashin wata tsohuwar mota, na ce ya fito. Na ja shi bayan tarin tayoyi na gaya masa komai a tsaye, ba kwana-kwana. Ya zauna a kan taya. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, baƙin man ba ya fita.

"Wa kika gaya wa?"

"Kai kaɗai."

"To ya tsaya a nan. Ki ci gaba da abin da kike yi, Allah ya ga zuciyarki. Amma kada ki furta. Kin ji ni? Muddin ba a furta ba, da sauran hanya."

"Mama Asabe fa, Baba?"

Ya kalli ƙasa. Can ya ce, a hankali, kamar yana jin kunyar kansa, "Ba za ki iya kai mata kunu ita ma ba?"

"Kunun ikilisiya gaba ɗaya zan riƙa damawa? In sayi tukunyar biki?"

"Rahila, rage murya."

"Kai dattijo ne. Ka tashi ka faɗa."

"In kuma kuskure muke yi fa?" ya ce. "In da gaske an taɓa ta, maganin naki ya zo ya tarar da aikin an riga an yi? Ki tashi ki ce ba Ruhu ba ne, alhali shi ne? Wa zai fitar da ke? Ni ba zan iya ba. Fasto ba zai iya ba. Ba wanda zai iya."

Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ba ragon mutum ba ne kakanki, na taɓa ganin ya shiga tsakanin masu faɗa da wuƙa a tasha. Wannan abu ɗaya ne ya fi ƙarfinsa. Na juya na tafi ban yi masa sallama ba.

Ranar Juma'a na tafi gidan Mama Asabe da kaina. Na same ta a baranda ta miƙe ƙafa a kan kujera, ga butar ruwa a gefenta. Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, sannan na fara. Ina kaiwa kan cokali ta sa yatsu ta toshe kunnuwanta, ta kama waƙar yabo da ƙarfi don kada ta ji sauran. Na jira ta gaji. Can ta sauke hannu.

"Ni na wanke ki ranar da kika zo duniya, yau ni za ki ja cikin zunubin da ba shi da gafara? Shaiɗan ya rasa bakin da zai ara sai naki?"

"Mama, ƙafarki tana ruɓewa."

"Hannatu ta tsaya gaban Allah ta ce ta warke. In ba haka ba ne, ta zo ta faɗa mini da bakinta. Ke tashi ki tafi, zan yi miki addu'a."

Ranar Asabar Mama tana guge zanen zumunta da dutsen guga na gawayi, tana 'yar waƙa. Na tsaya a bakin ƙofa na ce ina da magana. Ba ta ɗago ba.

"In maganar jikina ce, riƙe abinki. Gobe ranar godiya ce."

Na riƙe. Har safiyar Lahadi ban san abin da zan yi ba, kuma na dama kunun kamar kullum.

Kin san yadda ake godiya a wurinmu. Mata suka jeru tun daga ƙofa, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, ana buga tulu ana kaɗa kacau-kacau, suna takowa a hankali da doya da kaza da kwandon tumatir. Mama a gaba, fuskarta tana ƙyalli. Mama Asabe a bayanta, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da silifas don ta kumbura, tana rawa tana cije leɓe. Da aka tsaya, mata huɗu suka ajiye baƙaƙen ledoji a kan teburin gaban bagade. Aka miƙa wa Mama abin magana. Ta fara daga kwandon baƙon, ta zo kan jirin kasuwa. Ni ba ita nake kallo ba. Bandejin nake kallo, wanda na sayar ranar Laraba, ya jiƙe ya canja launi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Muryata kuwa kin san ta, ba ta bukatar lasifika.

"Ba warkewa Mama ta yi ba. Ni nake sa mata magani a kunu. Wata uku, kowace safiya, har da yau."

Tulu ya tsaya. Ba abin da ake ji sai fankar sama. Dattijo Filibus, wanda ke jagorar sujada ranar, ya tako gaba.

"Yarinya, kin san abin da bakinki ya faɗa? Ki yi tunani kafin ki amsa. Kina cewa aikin Ruhu ƙarya ne?"

Da ni mai haƙuri ce, da na yi bayani. Da na ce Allah yana warkarwa, na yarda, har da magani yana warkarwa. Amma ina kallon ƙafar nan, kuma na gaji.

"Ina cewa wannan ba aikin Ruhu ba ne. Aikin cokali biyu ne."

Wannan ce maganar da za a kawo miki, Naomi, kuma haka na faɗe ta, ban musa ba. Wata ta yi ihu ta kira sunan Yesu. Mata suka toshe kunnuwan 'ya'yansu. Na ji kalmar tana yawo daga benci zuwa benci, saɓo, saɓo. Waɗanda ke kusa da ni suka matsa har na zama ni kaɗai a benci. Na nemi Baba a layin dattawa, kansa yana tsakanin gwiwoyinsa. Baba Fasto ya miƙe da sandarsa ya ɗaga hannu har aka yi shiru, ya juya wajen Mama.

"Hannatu, kina da magana?"

Abin maganar yana hannunta. Na kalle ta, ta kalli siminti. Ta girgiza kai.

Wasu mata biyu suka taso za su fitar da ni, na ce kada wadda ta taɓa ni, na san hanya. Na taka har gida a ƙafa cikin rana. A hanya ina jin ƙirjina kamar an kwashe kayan ciki. Na gwada yin addu'a, na ji kamar ina magana a ɗakin da ba kowa. Na ce shi ke nan, haka abin yake ashe, an rufe.

Safiyar Litinin ban hura wuta ba. Ina kwance na ji motsin tukunya a kicin. Can sai ga Mama da koren kofinta, ta zauna a bakin ƙofar ɗakina, ta kurɓa.

"Tsamiyarki tana yawa," ta ce. "Wata uku tana yawa, kuma ba ta rufe ɗacin ba."

Na tashi zaune.

"Tun yaushe?"

"Tun rana ta biyu. Kin bar farin gari a bayan cokali. Ba ki iya wanke-wanke ba, ba ki taɓa iyawa ba."

"Kin sani. Kin sani kika tashi kina ba da shaida?"

"Na ce a raina ni ban sha magani ba, kunu na sha. Ban tambaya ba, ba a gaya mini ba. Bakina bai ce komai ba."

"Ni fa? Fasto ya tambaye ki, abin magana yana hannunki. Ni kika bari in shiga wutar a madadinki?"

Ta ajiye kofin. 

"Jiya da kika miƙe, na roƙi Allah ya ɗauke muryarki kafin ki ƙarasa. Da kika ƙarasa kuma, Rahila, sai na ji sanyi a raina. Na ji daɗi an faɗa, kuma ba ni na faɗa ba. 'Yar da na haifa. Wannan sanyin ne ya hana ni runtsawa."

Ta fara kuka. Da wata 'yar ce da ta rungume ta. Ni na miƙe na ɗauko ƙwaya ɗaya daga jakata, na sa mata a tafin hannu, ban murƙushe ba.

"Ba ni za ki yi wa kuka ba. Mama Asabe ta ce sai daga bakinki."

Ta daɗe tana kallon ƙwayar. Sannan ta dunƙule hannu a kanta, ta gyara ɗaurin zane, ta sa takalmi. Muka fita, ita a gaba ni a baya. Sau biyu ta tsaya a hanya, na ɗauka za ta juya. Mun tarar da Mama Asabe kwance a tabarma a baranda, surukarta tana yi mata fifita. Tun daga ƙofar gida ake jin warin ƙafar. Mama ba ta zauna ba. Ta buɗe hannu ta nuna mata ƙwayar, ta jefa a baki, ta ɗauki butar Mama Asabe ta kora.

"Asabe, ban warke ba."

Tana faɗa ta rufe ido ta kama ginshiƙin baranda da hannu biyu, ta tsaya tana jira. Wallahi jira take, irin na wanda ya san gini zai faɗo masa. Ni ma na riƙe numfashi. Wata kaza ta wuce ta tsakaninmu. Mai keke ya yi oda a titi. Ta buɗe ido.

"Ban warke ba, kuma na sani tun tuni. Ba Ruhu ne ya yi ƙarya ba. Ni ce."

Mama Asabe ta kalle ta har na fara ƙosawa. Sai hawaye ya gangaro mata ta gefen ido zuwa kunne.

"Hannatu, ƙafar nan tana ci na kamar wuta. Kwana tara ina tsoron in faɗa." Ta juyo wajena. "Ledata tana coci, har da katin asibiti a ciki."

Na tafi a guje. Na ɗauka an ƙona, domin haka aka shirya yi bayan sujada. Na sami Baba Fasto a ofishinsa. Kafin in buɗe baki ya ciro makulli ya buɗe kabad, ga ledoji huɗu a jere. Ya ce Dattijo Filibus ya nemi ashana, shi kuma ya ce a bari tukuna. Na ɗauki ta Mama Asabe, na kai ƙofa, na kasa fita.

"Baba, na yi shi ko ban yi ba?"

"Zauna."

"Ba ni da lokacin zama. Na yi?"

"Ba ki yi ba. Wancan zunubin na mutumin da ya ga aikin Allah ƙuru-ƙuru ne, ya san na Allah ne, ya taurare ya ce na Shaiɗan ne, ya ƙi juyowa har ƙarshe. Irinsa ba ya zuwa da gudu yana haki yana tambaya. Ke cokalinki kika kira cokali. Ruhun gaskiya ne, 'yata, ba ya bukatar ƙaryarmu ta riƙe masa suna." Ya gyara tabarau. "Amma kin yaudari uwarki wata uku, kin bar mu muna rawa a kan abin da kin san ba haka ba ne. Wannan zunubi ne, irin wanda ake tuba a kai."

"To me ya hana ku faɗi haka jiya?"

"Me ya hana ni faɗa wata uku da suka wuce, ita ce tambayar. Ina zaune a bayan mutumin nan, na san maganarsa ba daidai ba ce. Coci ya cika, ban taɓa ganin ya cika haka ba. Na yi shiru." Ya nuna ƙofa da sanda. "Je ki, ƙafa ba ta jira."

Kafin azahar muna asibiti. An yanke wa Mama Asabe yatsu biyu, aka ceci sauran ƙafar. Likita ya ce da mun ƙara kwana kaɗan da wani labarin ake yi. Biyu daga cikin sauran matan sun je sun karɓi ledojinsu a ɓoye. Ta huɗun ba ta taɓa zuwa ba, ta canja coci, daga baya suka bar gari. Ban san yadda ta ƙare ba, kuma ina tuna ta fiye da yadda nake so.

Dattawa suka zauna suka sa ni horo wata shida, bencin baya, ba cin jibin Ubangiji, saboda yaudara da ta da hankalin sujada. Baba yana cikin zaman, bai sa baki ba, amma tun daga ranar shi yake tuna wa Mama lokacin shan magani. Baba Fasto ya yi wa'azi a kan maganar mako biyu a jere, har ya nemi gafarar ikilisiya. Mama ta janye shaidarta a taron zumunta na ranar Talata, ba tulu ba rawa. Waɗanda suka ji maganar cokali coci ne cike, waɗanda suka ji tata ba su cika benci uku ba. Wani saurayi da iyayensa suka riga suka zo gaisuwa gidanmu bai sake takowa ba. Ba shi ne babanki ba, kada ki damu, ba mu yi asara ba. Wata shidan nan kuwa, kowace Lahadi Mama takan wuce wurin zamanta na gaba da zanen zumuntarta, ta zo ta zauna kusa da ni a baya. Ba mu taɓa yin maganar ba. Na daɗe ban yafe mata girgiza kan nan ba, ta kuma sani, ba ta matsa mini ba.

Ba zan ce miki tsoron ya tafi gaba ɗaya ba. Abin da aka dasa wa mutum yana shekara tara ba ya fita da wa'azi biyu. Amma na daina tsoron bakina fiye da yadda nake tsoron shiruna.

Jiya kin yi zazzaɓi, kin yi ta kuka don na ƙi ɓoye miki magani a cikin ayaba yadda maman ƙawarki take yi. Kika ce ni muguwa ce. Kakarki tana zaune tana jinmu, ta buɗe baki za ta sa baki, muka haɗa ido, ta mayar ta rufe. Na buɗe ɗan hannunki na sa miki ƙwayar a tsakiya, na ce ki kalle ta da kyau, tana da ɗaci, sunanta magani. Kika harare ni, kika haɗiye.